Haihuwa a Bakin Taragon Mata

Alƙahira, 4 ga Maris

Zuwa ga Yaya Gamalat,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kuna lafiya, ke da yara da ƙafar Mama. Ni jikina lafiya, amma raina a ɓace yake.

Ranar Talata da hantsi ina sharar dandamalin tasharmu ta ƙarƙashin ƙasa, jirgi ya tsaya, aka fito da wata yarinya daga taragon mata, naƙuda ta kama ta. Marina sunanta, 'yar unguwar Shubra. Mutane suka yi cirko-cirko, wasu har da ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Na yar da tsintsiya, na sa mata suka kewaye mu da mayafansu. Kin san haihuwa nawa muka karɓa tare da Mama a ƙauye. Kafin motar asibiti ta iso, jaririya tana hannuna tana tsala kuka.

Duk wannan lokaci shugaban tasha, Ustaz Mamduh, yana ofis ya kulle ƙofa, wai jini yana sa shi jiri. Amma da 'yan jarida suka zo washegari, ya fito da kwat sabuwa fil, ya ce shi ya tsara komai cikin natsuwa. Aka ba shi takardar yabo. Ni kuwa takardar gargaɗi na samu, wai na bar bakin aiki. Shekara sha tara ina goge wannan dandamali, Yaya!

Kada ki gaya wa Mama.

Ƙanwarki,
Ni'imat

Alƙahira, 27 ga Maris

Yaya Gamalat,

Bayan gaisuwa da fatan kin sami ta farko. An mayar da ni tashar ƙarshen layi, don 'yan jarida sun fara tambayar wace ce mai sharar. Yanzu kafin in isa gida yara sun gama cin abinci.

Jiya wata tsohuwa ta same ni, Ummu Girgis, surukar Marina. Tasha uku ta bi da sandarta tana nemana. Ta ce da ta je tsohuwar tashata, Ustaz Mamduh ya tarbe ta da murmushi, ya nuna mata takardarsa a bango. Ta dube shi a gaban ma'aikata ta ce, "Ɗana, kai ka karɓi haihuwar nan? To faɗa mini, mace ce ko namiji?" Ya ce namiji. Masu sayar da tikiti har yau ba su daina dariya ba.

Ta rungume ni da kayan aikina masu warin omo, ta ce lallai in zo coci ranar baftismar yarinyar, in zauna a layin dangi.

Ban huce ba, Yaya. Shi yana nan a ofishinsa da fanka, ni ina nan ƙarshen layi. Amma zan je. Ki aiko mini da shuɗiyar rigarki ta hannun direba Ragab, ba zan shiga cikin mutanen nan da tsohuwar abayata ba.

A gaida Mama da kyau.

Taki har kullum,
Ni'imat