Rikodar da Ban Kunna Ba

Setapak, daren Laraba, Yuli 2021

Pak Cik Rahim, wato Kawu Rahim a yaren mutanen ƙasar nan, ya rasu, Allah ya jiƙansa. 'Yarsa ta turo saƙo bayan isha'i. Annobar nan ce, ko fuskarsa ba ta gani ba aka binne shi.

Shi kaɗai na samu cikin ma'aikatan tsohon siton bakin teku da nake bincike a kansa. A da, daga nan ake loda kananzir da lagwani zuwa hasumiyoyin da ke haska wa jiragen ruwa hanya. Yanzu an ce tukwanen iskar marasa lafiya ake jibgewa a ciki.

Sau ɗaya na je gidansa. Ya zuba min shayi, ya ce, "Tambayi mana, Sani, akwai labari." Ni kuwa, wai mai tarbiyya, na ce gaisuwa kawai ta kawo ni, ai ba a kai wa dattijo buƙata ranar farko. Ga rikoda a aljihuna. Bayan sati biyu aka kulle gari.

Ɗazu na kunna ta. Muryata ce kaɗai a ciki, ina gwaji a tashar bas: "Ɗaya, biyu, ana jina?"