Ballut ɗin Baba a Yashin Mamora

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2019

Na dawo daga Shafshawan, garinmu na kan duwatsu, da kwando cike da 'ya'yan ballut, itacen nan mai kaurin ɓawo, daga bishiyar bayan gidanmu wadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi rayuwarsa yana ɓare mata ɓawo yana kaiwa kasuwa. Allal, maigidana, ya ciji ɗaya ya tofar. "Wannan ɗaci ko akuya sai ta yi shawara." Wai irin dutse ya saba da ruwan sama, yashin nan na Mamora zai kashe shi. Na ce ni ma 'yar dutse ce, ga ni da raina. Ya ce, "Ke ai da shayi nake miki ban-ruwa."

Ya dai ba ni gefen gona na yamma.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Na shuka. Kusa-kusa, yadda suke tsirowa a wajenmu suna yi wa juna inuwa. Allal na can yana binne nasa, irin nan mai zaƙi da ake dafawa a ci, ya bar fili tsakani har keken jaki ya wuce. Asarar ƙasa kawai.

Litinin, 9 ga Maris, 2020

Nawa sun fito kore shar. Nasa kamar haƙoran tsohuwa. Na dai bi ta gabansa ina 'yar waƙa.

Juma'a, 15 ga Yuli, 2022

Yaya Mufaddal ya kira daga gida. Wuta ta ci dajin bayanmu. Bara aka ɓare bishiyar Baba, ba ta da ɓawon da zai kare ta, ta ƙone ƙurmus. Yanzu ba sauran irinta ko'ina sai waɗannan nawa.

Laraba, 3 ga Agusta

Fari ya ƙi ƙarewa. Na Allal sun kai mini ƙirji, nawa iyakar gwiwa, sirara, ganyen na komawa ja. Ya tona gindin wata da ta bushe ya nuna mini saiwoyi a cukuikuye. "Rahimu, a dutsenku ruwa ya ishi kowa. Nan kwano ɗaya ne kika tara wa baki goma. Ki cire, ki bar kaɗan su rayu." Na ce ya taɓa ɗaya ya gani. Na je bayan tanda na yi kukana, gurasa ta ƙone.

Laraba, 10 ga Agusta

Jidon ruwa da jaki. Kafin in miƙe yashi ya shanye.

Lahadi, 21 ga Agusta

Layin bakin shinge ya mutu kaf. Na ɗauki fartanya. Ina zaɓar mai ƙwari in bari, in sare na kewaye da ita. Wasunsu da sauran ransu. Allal ya zo ya ce in kawo ya ƙarasa mini. Na hana. In shi ya sare, na san kaina, har kabari ba zan yafe masa ba. Ya tsaya yana kwashe abin da na zubar, bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, abin da ya fi tsokanar ciwo.

Asabar, 26 ga Nuwamba

An yi ruwa. Ba duka suka tsira ba, amma waɗanda suka rage sun yi sabon toho.

Yaya ya ce in tono masa ɗaya ya mayar gurbin ta Baba, can ne gidanta. Na ce to, da murnata ma. Na tona da safe, hannuna ya nutse har kafaɗa ban kai ƙarshen saiwar ba, ta miƙe ƙasa tana bin danshi. In na ja, ta mutu. Na daɗe a durƙushe, sannan na mayar da yashin na danne da ƙafa.

Na kira shi na ce ba za ta taso ba. In ta yi 'ya'ya ya zo ya ɗiba. Ya ce, "Haba ƙanwata, shekara nawa ke nan?" Na ce ba komai, ai ina nan.