Aminina Ya Ɓata a Birnin Fas, Ya Rantsar da Ni Kada In Faɗa

Assalamu alaikum Malam Ramalan. Don girman Allah ka taimake ni da shawara, abin ya fi ƙarfina, kuma babu wanda zan iya buɗe wa cikina a garinmu.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Rano, na yi ritaya. Ina da amini a Tarai ta ƙasar Kibiya, bari in kira shi Malam Badamasi, ko da yake ba sunansa ke nan ba. Zaure ɗaya muka yi karatu tun muna samari. Shi ne mai hadda a cikinmu, ƙasida in ya ji ta sau biyu ta zauna. Tun a lokacin muke cewa wata rana sai mun je Fas ta ƙasar Maroko, mun ga inda malaman da muke karanta littattafansu suka zauna, suka yi rubutu, aka binne su. Har dariya ake yi mana. Bana bayan girbi babban ɗansa Khalid ya shirya mana tafiyar, muka tafi mu biyu.

Kwanakin farko ban taɓa ganin sa cikin farin ciki haka ba. Mun shiga tsofaffin makarantu, mun ga littattafan da aka rubuta da hannu, mun leƙa majemarsu yana ta gwada ta da ta Kano. Sai ranar da aka kai mu kabarin wani malami da muka haddace ƙasidarsa muna yara. Ya daɗe yana cewa a nan zai karanta ta daga farko har ƙarshe. Ya fara, ya yi baiti biyu, ya tsaya. Na ɗora masa na uku, sai ya kalle ni irin kallon da ake yi wa baƙo. Na ce a raina gajiya ce.

Washegari bayan azahar na waiwaya a cikin kasuwa ban gan shi ba. Lungunan garin kamar saƙa suke, ni kuma Larabcina na littafi ne, ba su cika gane ni ba. Sai wajen la'asar na same shi zaune a shagon wani maƙerin tagulla, yana tambayar mutumin da Hausa hanyar Kibiya, wai innarsa tana jiran sa. Malam, innarsa ta rasu tun kafin a haifi Khalid.

Da muka koma masauki hankalinsa ya dawo. Ya yi kuka, ya ce tun daminar bara abin yake zuwa masa yana wucewa. Yana tsoron a ce ya haukace ko an yi masa sammu, a karɓe limancin masallacin unguwarsu, ɗalibai su watse. Ya riƙe hannuna har sai da na ce wallahi ba zan faɗa wa kowa ba.

Tun da muka dawo ban huta ba. Mutane na zuwa jin labarin tafiya, sai ya aiko a kira ni, in ya kakare in cike masa, a yi ta dariya ana cewa na cika katsalandan. Na zama mai rufa masa asiri, abin kuma ƙaruwa yake. Har yanzu yana hawa babur zuwa Rano. Ranar kasuwar da ta wuce na gan shi ɗauke da jikarsa Mufida a gaba, ya wuce ni a kan titi bai gane ni ba. Matarsa Hajiya Jummai ta sa aka yi mini sallama, ta tambaye ni ko wani abu ya faru a can, na ce wahalar hanya ce kawai. Ta yi mini godiya.

In na faɗa, na karya rantsuwa, na tozarta mutumin da ya ba ni amana. In na yi shiru, ban san ranar da za a aiko mini da mummunan labari ba. Wani lokaci har cewa nake da ma ba mu je ba. Ban san abin da zan yi ba.

Naka, Tsohon Malami daga Rano.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri, aminci irin naku ya yi ƙaranci. Ka daina da-na-sanin tafiyar. Ba ita ta kawo ciwon ba, ita ce ma ta sa aka samu wanda ya gani.

Tsoron Malam Badamasi gaskiya ne. Mutumin da girmansa duka yake a kan hadda, ba ƙaramin abu ba ne ya ji tana kuɓuce masa, kuma mun san bakin mutane. Amma abin da ya roƙe ka shi ne ka kare mutuncinsa, shirun nan kuwa ya daina kare shi. Ranar da abin ya same shi a gaban sahu ko a kan titi, kowa zai gani, kuma ba ta hanyar da ya zaɓa ba.

Saboda haka ka fara da shi. Ka same shi da safe, lokacin da hankalinsa yake kwance, ka faɗa masa abin da ka gani game da Mufida, ka ce ba za ka iya ɗaukar wannan kai kaɗai ba. Ka bar masa zaɓin wanda za a fara sanarwa, matarsa ko Khalid, ka ce za ka zauna a wurin. In ya ƙi, ka sanar da shi ƙarara cewa za ka yi magana da Khalid kafin wata ranar kasuwar, kuma ka yi. Zai iya yin fushi da kai. Ka jure. Batun rantsuwa kuma, ka tambayi malamin da ka yarda da shi ba tare da ambaton suna ba, domin malamai sun yi bayanin kaffara ga rantsuwar da cika ta zai jawo cutarwa.

Babur kuwa, ya ajiye shi tun yau, wannan ba ya jira. Sannan a kai shi Kano likita ya duba shi. Mantuwa tana da dalilai da yawa, wasu ana maganinsu, kada kai ko shi ku yanke hukunci kafin a gwada. Limanci kuwa, gara shi da kansa ya gabatar da na'ibi yana da girmansa.

Kada ka manta da Hajiya Jummai. Macen da take gida ɗaya da shi ba za ta yi maka tambayar nan ba in ba ta ga komai ba. Ina zaton ita ma tana ɗauke da abin ita kaɗai, tana jiran wanda zai ce mata shi ma ya gani.

Allah ya ba Malam Badamasi lafiya, ya sanyaya zuciyar iyalinsa, kai kuma ya ba ka ƙarfin halin zuwa Tarai gobe da safe.

Malam Ramalan