Kwalbar Gogo da Idon Rahila

Laraba, 16 ga Oktoba 2024

Yau da sahe na ga abin da ya tsaya mini a rai. Rahila na zuba mini hura, ludayin ya wuce bakin ƙwarya, hurar ta zube ƙasa. Ta yi dariya, wai barci ne bai sake ta ba. Da ta ɗago na dubi idonta na hagu, wanda ƙaiƙayi ya shiga makon jiya wurin sheƙar hatsi. Jan duk ya tahi, ido ya yi fari tas. Amma bisa baƙin akwai wani ɗan tabo, bai kai ƙwayar hatsi ba. Shekaranjiya babu shi.

Ban ce komi ba, Gogo na zaune. Wata bakwai da aure, namiji ba ya tsura ma matarshi ido gaban wadda ta rene shi.

Alhamis, 17

Kwalbar Gogo ce ta kore jan. Ita anka ba ta da rani, lokacin da anka cire mata yanar ido a asibitin mishan. Ƙarama ce, ruwan ciki fari kamar nono, sai an girgiza. Tana ƙulle da ita a bakin zane tare da goronta. Duk wanda idonshi ya yi ja a unguwa nan yake zuwa, ta kwantar da kanshi bisa cinyarta ta ɗiga mishi, washegari ya dawo godiya.

Ga Rahila ba ta jira an roƙe ta ba. Sahe da marece, ɗigo uku-uku, wai ɗiyarta ce, a yi mata da yawa. Tun rasuwar Inna ban ga Gogo ta so wani abu kamar yarinyar nan ba.

A ɗaki na tambayi Rahila ko tana gani sosai. Ta ce zahin ya ragu. Na ce ba zahi na tambaya ba. Ta juya tana ninkin tuhahi.

Asabar, 19

Tabon ya ƙaru. Gehenshi ba a zagaye yake ba, ya yi ƴan yatsu kamar gashin kaza. In an kira ta daga hagu sai ta juya kanta duka, kamar zabuwa.

Lahadi, 20

Rahila ta faɗa mini. Wai kamar an shafa mai bisa madubi, hitila ma tana ganinta da ƙaho-ƙaho. Na ce don mi ba ki faɗa ba? Ta ce, "In ce da Gogo maganinta bai yi ba? Bayan ta gaya ma duk matan rijiya ita ta warkar da ni? Da wane baki?"

Na samu Gogo tana ɓarar wake. Na daɗe tsugune ina taya ta kahin na ce ina so in kai yarinyar nan likita gobe.

"Idon da ya yi fari kamar ƙwai? Kai Sha'ibu, dammanka na gona, tururuwa na biki, kai kana nan kana leƙen ido. Mijin-ta-ce tun yanzu!"

Na ci gaba da ɓara. Ni dai ban tashi ba. Da waken ya ƙare ta ce to, amma da ita za a tahi, tana so ta nuna ma yaron nan Titus na asibitin yadda maganinshi ya yi aiki a garinmu Sabon Gida. Abokina Mutari ya ce zai ɗauke su biyu a babur, ni in biyo mota.

Litinin, 21

Ban san ta inda zan fara ba.

Malam Titus shi ne majo, wato babban ma'aikacin jinya, na ɗakin ido, dogo, mai hurhura a gemu duk da bai tsufa ba. Ya gane Gogo, sunka yi ta gaisuwa, yana ce mata amaryarshi, tana ce mishi ba ta auren mai allura. Ya sa Rahila ta aza haɓa bisa wani ƙarhe, ya taɓa mata wata takarda mai ruwan ɗorawa a ido, ya kunna shuɗiyar wuta. Ya ce in zo in leƙa. Tabon ya ɗauki kore yana ƙyalli, ya hi yadda nake ganinshi a gida girma sau biyu. Daga nan wasan ya bar bakinshi. Ya ce mi kunka sa mata?

Gogo ta kwance bakin zane da murna ta miƙa.

Ya juya kwalbar a hannu ya daɗe. Sannan ya jawo kujera ya zauna daidai da ita, ba bisa kanta ba. Ya ce, "Gogo, ranar da na ba ki wagga, yaya na ce ki yi?" Ta jero mishi babu kuskure: mako na fari sau huɗu, na biyu sau uku, sannan biyu, sannan ɗaya, in wata ya cika a yar. Ya ce to ina ta samu saura? Ta ce ai mako biyu ido ya buɗe, tana ganin har ƙwarƙwata, sai ta zubar da ni'imar Allah? Ko iri ana ragewa don baɗi.

Abin da ya ce, yadda na riƙe shi. Magani biyu ne a kwalba ɗaya. Ɗaya na kashe ƙwayoyin cuta, ɗayan, kortizon, shi ke kwantar da ja da kumburi. Bayan aiki irin na Gogo shi ake so, kuma a sauka daga gare shi sannu-sannu, ba a yanke ba. Amma jan ido kamar haushin kare ne, wani abu ya gani. Kortizon na sa karen ya yi shiru. In ƙaiƙayi ko kara ya yanki baƙin ido, yakan shigo da hunhuna, irin wadda ke kama hatsi in rumbu ya yi yoyo. Mai kashe ƙwayoyin ba ya taɓa ta, ɗayan kuwa ya ɗaure mata kare. Sai ido ya yi kyau a waje, ita tana ci a ciki.

Gogo ta ce, "Amma kowa ya warke." Ya ce da yawansu ko ruwa anka sa za su warke, Allah ya tsare su, ba su da rauni. Ya ce Allah ya tsare ta ita ma da ta yanke nata a tsakiya.

Lokotoro, babban likitan, ya zo ya kankari ɗan abu daga tabon anka duba a inji. Hunhuna ce. An kwantar da Rahila a asibitin. Na bi Titus waje na ce idon zai tsira? Ya ce, "Ba zan yi maka alkawari ba, ango. In ya ci gaba da ci zai iya hudawa. In ya tsaya, tabo zai zauna."

Gogo ba ta karɓi kwalbar ba, shi ma bai miƙa ba. Tun lokacin ba ta yi magana ba.

Talata, 22

Sabon magani, shi ma fari, shi ma a girgiza. Ɗigo ɗaya kowace awa, dare da rana. Ɗaya tak, ido ba ya riƙe uku, sauran kumatu ke sha. Kada bakin kwalba ya taɓa gashin ido. A ruhe ido, a danna gehen hanci kaɗan. Akwai wata ƙarama kuma mai buɗe ɗiyar ido don ciwo, ita sau biyu.

Ma'aikata ba su isa su tsaya bisa kan mutum ɗaya ba, sai ɗan jinya. Ɗakin mata ne, aikin Gogo ne. Na miƙa mata, ta sa hannuwanta cikin zane. "Hannun nan ya gama da idon mutane." Rahila ta ce, "Haba Gogo," ta yi kamar ba ta ji ba.

Sai ni. Na wanke hannu, na riƙe haɓar matata gaban mata goma sha, ɗigon fari ya sauka bisa gira. Wata tsohuwa daga Deule da ke gadon kusa ta ce, "Yaro, ido ake ba magani, ba goshi ba. Ko kunya ce? Mu mun ga abin da ya hi wannan." Duk ɗaki ya ɗauka da dariya. Gogo ta juya huska ga bango.

Laraba, 23

Ja ya dawo, ya hi na da. Kumburi, hawaye, ciwo har cikin kai. Rahila ta ce a hankali, wancan ya hi daɗi. Titus ya ce haka yake yi in an janye kortizon, karen ne ya farka. Na yarda da shi da kai, cikina bai yarda ba.

Juma'a, 25

Salular Mutari ke gare ni, ya sa mata ƙararrawa kowace awa. Na fara tashi kahin ta buga. Ban samu Juma'a ba.

Mutari ya kira ta wayar wani, wai ya kwashe dammana da amalankenshi ya kai gida, in na dawo in zo da tsire. Ya ce garin duk an ji, wasu na cewa asibiti ce ta ɓata ido mai lahiya, tunda fari ya tahi ja ya koma. Ban da ƙarhin yin gardama.

Gogo na dafa mana tuwo can wajen ƴan jinya, ta kawo bakin ƙofa ta aje, ba ta shigowa. Jiya na same ta tana duba tahin hannunta.

Talata, 29

Titus ya auna ya ce bai ƙaru ba. Bai ce ya ragu ba. Bai ƙaru ba. Na maimaita shi a raina har la'asar.

Na tambaye shi in da mun zo ranar da na fara ganin tabon. Ya ce da ya hi.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Yatsun da ke gehen tabon sun janye, ya zama zagaye. An koma bayan awa biyu, da dare a bar ta ta yi barci. Ana waƙa a majami'ar mishan can baya, Rahila na kaɗa ƙafa bisa gado ba ta sani ba.

Da azahar na je alwala, ƙararrawa ta buga ba ni nan. Ina dawowa na ji muryar Gogo daga bakin ƙofa, "Ina yaron nan? Lokaci ya yi, ku kira shi!" Maganarta ta fari da ƙarhi ke nan.

Alhamis, 14

Mun dawo gida. Za a ci gaba da ɗigawa sau shida, mu koma duk Litinin. Titus ya riƙe hannuna ya ce ko ido ya yi kyau kamar na jariri kada a tsaya sai ya ce, kuma in ya ce a tsaya, abin da ya rage a jefa masai, ba bakin zane ba. Ya faɗa yana kallona, amma Gogo ce ta amsa "to".

Da marece wata maƙwabciya ta zo da ɗanta ido ja, tana neman kwalba. Gogo ta ce babu. Matar ta ce ko ta amarya a ɗan sam mata, ai duk fari ne. Na buɗe baki, Gogo ta riga ni. "Ta amarya da sunanta ta zo. Ki kai shi a duba da shuɗiyar wuta." Matar ta tahi tana gunaguni, wai asibiti ta koya mana rowa. Abin ya yi ma Gogo zahi, na gani. Duk duniya ba a taɓa ce mata marowaciya ba.

Litinin, 25

Raunin ya ruhe. Tabon fari na nan, ɗan ƙasa da tsakiya, kuma nan zai zauna. Rahila ta dubi madubi ta ce yanzu ta zama mai hakiya. Na ce ni ban gani ba. Ta ce kai da ka gani tun bai kai ƙwayar hatsi ba? Yatsun Titus ta ƙidaya daga nesa kaɗan, babban baƙin da ke bisa allon gwajin ido bai hito mata ba tukuna. Wai a jira hazon ya washe.

Asabar, 30

Da hantsi, tsakar gida. Ɗaki da duhu ne shi ya sa nake yi a waje yanzu, ba wani abu ba. Na ɗiga mata, ta ruhe, na danna gehen hanci. Da ta buɗe sai ta sa hannu ta toshe na dama, haka kawai, tana duban wajen rumbu.

Ta ce, "Gogo, jar akuyarki na cikin wakenki."

Duk munka waiga. Tana ciki kuwa, can bayan turmi, kai cikin ƙwarya. Gogo ta ɗauki muciya ta ɗaga, sannan ta tsaya. Ta ce, "Da wanne kinka gani?" Rahila ba ta sauke hannun ba, ta ce da wanga. Gogo ta aje muciyar ta zauna bisa turmi. Ta ce a bar ta ta ci.

Waken da ta kwana biyu tana ɓara.

Ashe ni har lokacin hannuna na bisa kumatun Rahila, kuma wai sunanta na yi ta kira da ƙarhi. Ni ban ji ba. Sai da Gogo ta ce, "Sake ta mana, Sha'ibu, ɗigo ɗaya anka ce, ba wuni ba." Na sake. Ban yi sauri ba dai.

Saura Litinin biyu in ji Titus. Ganin ba kamar da ba ne, wataƙila ba zai koma ba. Amma akuyar ja ce, kuma a cikin waken take. Ba ni kaɗai na gani ba. Gogo na nan, Husaina yayar Rahila da ta zo dubiya na nan, da Mutari da ya leƙo bisa darni yana tambayar tsirenshi.