Ɗan Yatsan Da Ya Motsa

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya yara, ya ƙafar maigidanki? Ki yi haƙuri da wannan karkataccen rubutu, da hannun hagu nake yi. Ni da na shekara talatin ina gyara wa 'yan aji rubutu!

Yau kwanana ashirin a gidan mai maganin da Babban Yaya ya kawo ni bayan ɓarin jikina ya shanye. Ɗakin gado ɗaya ne, taga ɗaya, sai tukunyar ganye. Da safe a yi mini turare har in jiƙe da gumi, matar mai maganin ta murza mini hannu da ƙafa da man zafi. Ba mugaye ba ne, wallahi. Amma doka ce: kwana arba'in ba fita, ba baƙo, kuma sun karɓe ƙwayoyin hawan jinina. Harshena ya yi nauyi, "to" kaɗai ke fita sarai. Duk abin da aka yanke a kaina sai Yaya ya ce, ai ga shi ta yarda.

Kaina na sarawa kamar ranar da na faɗi. Ki taho mini da ƙwayoyin. Matar ce za ta kawo miki wannan a ɓoye.

Yayarki mai ƙaunarki.

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida yara. Ranar Talata na ji muryarki a bakin ƙofa kina faɗa da su. Na yi ta kiranki, abin da ya fito ko ni ban gane shi ba. Ƙwayoyin sun iso a ƙullin zane, ina sha.

Akwai abin da na ɓoye. Kwana huɗu ke nan babban ɗan yatsana na dama yana motsi. Na yi kuka don murna, sannan na tura hannun ƙarƙashin mayafi, don na san abin da zai biyo baya. Jiya garin murza matar ta gani, ta yi guɗa. Mai maganin ya ce aiki ya fara ci, ba a katse shi. Yaya ya amince an ƙara kwana arba'in.

Tagar ɗakina tana kallon lungun baya. Ba za ki gan ni ba, ta yi sama da yawa. Ki zo dai ki tsaya a gindinta ki yi ta surutun nan naki da nake hana ki. Ina ji.

Yayarki.