Dogo Uku, Gajere Biyu

Port Huron, 18 ga Maris, 2024

Aili, sanyin idona, fitilar da nake duba idan hanya ta ɓace mini, abokiyar zamana,

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, 'yarmu Kaisa ta rasu tana da shekara ashirin da shida. Tana bakin aiki a ɗakin tuƙi, jirginsu ɗauke da tama a tsakiyar tafkin Superior, jijiyar jini ta fashe mata a ka. Ba laifin ruwa ba ne, ba laifin kowa ba. Na rubuta shi ƙarara domin tun da kika tafi garin Marquette wurin yayarki Helmi ba mu faɗe shi ga juna da baki ba, ni kuwa kin san ba na iya tsallake layin farko.

Ƙanƙarar kogi ta fara tsagewa, masoyiyata. Itatuwa sun fara jin ɗumi a jijiyoyinsu, agwagin daji sun dawo. Ke kaɗai ce ba ki dawo ba! Ina amfanin bazara a gidan da babu takunki? Ke ce ɗumin da ke narkar da ni, ni da ɗalibaina suke cewa an sassaƙa ni ne daga dutse. Kullum na dafa shayi sai in ga na ajiye kofi biyu.

Kin tuna ranar da Kaisa ta ce ita makarantar tuƙin jiragen ruwa za ta shiga? Na ɗauko fensir nan take. Bashin karatu dala dubu tamanin da huɗu, albashin ƙaramin jami'in jirgi kusan dubu casa'in a shekara, bashi zai mutu cikin shekara biyar. Na ce karatun zai biya kansa. Kaisa ta ce, "Baba, kai ko sannu aka yi maka sai ka cire mata haraji." Ke kuma kika zare fensirin daga hannuna, kika soka shi a gashinki, kika ce, "Farfesa, yarinya ruwa take so. Ci abincinka." Wallahi ban taɓa ganin fensir ya sami matsayi irin wannan ba!

Sai kuma ranar da jirginta ya fara wucewa ta gaban garinmu. Kina tsaye a bakin kogi kina kaɗa mayafinki mai ruwan ɗorawa, kyaftin ya bar ta ta busa ƙahon gaisuwa da hannunta: dogo uku, gajere biyu. Ƙarar ta girgiza gilasan unguwa. Kowa jirgin yake kallo, ni ke nake kallo. Fuskarki ta yi kamar rana ta faɗo a kan ruwa. Shekara talatin ina koyar da cewa darajar karatu ita ce abin da ya kawo, a cire abin da ya ci. A ina zan saka wannan fuskar a cikin lissafin?

Yanzu ga batun da muke kewaya. Saura dala dubu talatin da ɗaya a kan bashinta. Doka ta ce bashin gwamnati yana faɗuwa idan ɗalibi ya rasu. Takardar shaidar rasuwa kawai za a aika, a rufe. Ke kuwa kina ci gaba da biya duk wata daga aljihunki. Da na tambaye ki a waya, kika ce, "Warren, nan ne kaɗai ya rage da ake rubuta mata 'Zuwa ga Kaisa Lahti'. Ka bar mini." Ilimina ya ce wannan asara ce. Zuciyata ta ce ilimina ya yi shiru. Ban aika ba, zumata, kuma ba zan aika a bayan idonki ba, ko da zai kai mu sayar da mota. Roƙona ɗaya: kada ki riƙe wannan nauyi ke kaɗai a ɗakin baƙin Helmi. Ni ma mahaifinta ne. Idan za a biya, mu biya tare. Idan za a rufe, hannu biyu su rufe.

Jiya Kyaftin Duquette na jirgin su Kaisa ya kira. Jirginsu zai wuce ta nan ranar Asabar, 30 ga wata, tafiyarsu ta farko bana. Ya ce, "Malam Lahti, mu dai za mu busa mata, ko da mutum a bakin kogi ko babu." A nan ma ana kiran sunanta, Aili, kuma ba a neman ko sisi.

Ki dawo, ruwan sanyina, ki dawo! Yadda kogin nan bai taɓa sauya hanya ba, haka ni ma a kanki.

Takardar shaidar rasuwar tana cikin aljihun tebur, ba a aika ba. Jakar Kaisa da aka kawo daga jirgi tana bayan ƙofa, ba a buɗe ba. Mayafinki yana rataye inda kika bar shi. Zan je bakin kogi ranar Asabar, amma ba ni zan kaɗa shi ba.

Naki har numfashin ƙarshe,
Warren