Alamar da na sa a ƙofar gidana

Laraba, bayan Isha'i

Yau sati uku da tafiyar mijina Malam kwas na ƙaro ilimi, littattafan soyayyar da na aro kuma duk na cinye su. Kaɗaici ne ya sa na shiga wasan nan na ɗaliban jami'a, inda mutum zai ɓoye gwangwani, ya sa alamar wurin a waya, wasu su nemo.

A bakin kogi na ɓoye nawa, amma sai da na dawo tsakar gida na danna alamar. Ashe inda wayar take a lokacin, nan za ta nuna wa kowa.

Da la'asar wata ɗaliba ta yi sallama, waya a hannu, tana dariya. "Amarya, wai a nan kika binne dukiyar?" Da namiji ne fa? Mutum nawa suka ga gidan da nake kwana ni kaɗai?

Ita ta nuna mini yadda zan goge alamar, na goge nan take. Amma na zuba mata zoɓo, na yi ta janta da hira har Magariba. Da ta miƙe, saura kaɗan in ce mata gobe ma ta ɓato hanya.